Wa Ya Rina Sama?

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Katsina a ƙarshen damina, ya wuce Gidan Mutum Ɗaya ya miƙa Kankiya, ya san irin samaniyar da muke nufi. An sha ruwa da dare, gari ya waye ƙasa na ƙamshi, gero ya nuna, dawa ta fara fid da kai, sama kuma ta yi garau, shuɗiya kamar yanzu aka tsamo ta daga karofi. Bayan wata uku kacal, a kan wannan hanya dai, sai direba ya kunna fitila da hantsi saboda hazo, rana ta koma kamar faifan azurfa, mutum ya ɗaga kai ya nemi shuɗin nan ya rasa.

A irin wannan safiya ta kaka ne yaro kan ja hannun rigar ubansa ya ce, "Baba, me ya sa sama shuɗiya ce?" Yawancinmu amsa biyu gare mu. Ta farko, "Ikon Allah ne," wanda kuwa babu mai ja. Ta biyu, "Kai ka cika tambaya." Amma yaron ya riga ya san wanda ya yi saman. Abin da yake nema shi ne sababi, kamar yadda ya san Allah ke ba da ruwa, ya kuma san hadari ke kawo shi. Wannan tambaya tasa ta fi shekara dubu tana yawo a duniya, ta bi ta Bagadaza da Andalus da Ingila, kuma tarihinta ya gitta da namu a wajen da ba mu zata ba, wato bakin marina.

Amsar da muka gada

Tsofaffin littattafan labaran al'ajabi da suka iso ƙasar Hausa daga gabas suna da tasu amsar. Sun ce akwai wani dutse, Dutsen Ƙaf, da ya kewaye duniya kamar zobe, na zumurrudu ne tsanwa, kuma launinsa ne ke haskawa a sama. Al-Ƙazwini, wanda ya rasu a 1283, ya kawo wannan zance a littafinsa na abubuwan mamaki na halittu. Daga nan ne Dutsen Ƙaf ya shiga labaranmu na dare, ya zama can ƙurewar duniya inda aljannu suke. Tun a da can ma ba kowane malami ya yarda ba. Ibn Kasir, mai tafsiri, wanda ya rasu a 1373, ya lissafa labarin cikin tatsuniyoyin da aka aro daga Bani Isra'ila.

Abin lura a nan shi ne dutsen tsanwa ne, ba shuɗi ba, kuma Larabawan da kan kira sama da sunan da ke nufin "koriya". Kowace al'umma da inda take ja wa launuka iyaka. Mu ma nan, tufar da ta sha baba har ta ƙoshi baƙa muke ce mata, alhali in aka ɗaga ta a rana shuɗi ne ya yi duhu.

Tun kafin al-Ƙazwini da shekara ɗari huɗu, wani masani a Bagadaza ya riga ya bi wata hanya dabam. Shi ne Yaƙubu ɗan Is'haƙa al-Kindi, haifaffen Kufa, wanda ya rasu wajen 870. Ya rubuta 'yar risala a kan wannan launi da ake gani ta fuskar sama har a zaci nata ne. Ya ce sama ba ta da launi. Abin da muke gani, in ji shi, gauraye ne na duhun da ke can bisa da hasken rana da ke faɗawa kan ƙura da tururin da ke cikin iska. Bai kai ga gano kome da kome ba, amma ya sauko da tambayar daga ƙurewar duniya ya ajiye ta cikin iskar da muke shaƙa, kuma a nan amsar take.

A ƙarni na 11 wani alƙali a Andalus, Ibn Mu'azu na garin Jayyan, ya ƙara taki ɗaya. Ya lura cewa bayan rana ta faɗi haske kan saura a sama na ɗan lokaci, abin da muke kira shafaƙi, wanda ɓacewar jansa ke shigo da lokacin Lisha. Ya ce wannan haske rana ce ke haska iskar da ke can sama bayan ta ɓuya mana. Da lissafin kusurwa ya ƙiyasta tsawon wannan iska, ya samu kimanin mil 52. Alƙali ne mai neman sanin lokutan salla, ga shi ya auna kaurin bargon da ya lulluɓe duniya.

Masu shuɗi a hannu

A nan gida kuwa, kakanninmu sun riƙe shuɗi da hannunsu. Ramukan rini na Ƙofar Mata a Kano ana danganta kafuwarsu da 1498. A Katsina, ɗaya daga cikin waliyyan birni, malamin ƙarni na 17, sunansa Muhammadu Ɗan Marina, a rubuce-rubucen Larabci kuma Ibn al-Sabbag, wato ɗan marini. Maƙabartar da ke ɗauke da sunansa tana nan, a can aka binne Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2010. A maƙwabtanmu, ƙasar Dutsin-ma, akwai gari sukutum mai suna Karofi. Sunayen unguwanni da garuruwa kaɗai sun isa shaida cewa rini ba ƙaramar sana'a ba ce a ƙasar nan.

A farkon 1851, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya taso daga Katsina zai tafi Kano, hanya ta biyo da shi ta Kusada, ya isa Kano ran 2 ga Fabrairu. Abin da ya fi ba shi mamaki a can shi ne saƙa da rini. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa waje a shekara sun kai na wuri miliyan 300 a ƙalla, ana kai su har Timbuktu da Gat da Tarabulus. Turkuɗi da rawani ɗan Kura, masu ƙyalli saboda shuni da bugu, su ne ado da mutuncin Buzaye a hamada. Shunin kan zuba a fatar mai naɗin, har Turawa suka riƙa kiransu shuɗɗan mutane. Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya nuna cewa abin da ya haɓaka sana'ar shi ne barin manyan tukwane da aka yi aka koma haƙa ramuka masu zurfi ana shafe su da laso. Lason nan kuwa da katsi ake haɗa shi, wato laka da ke kwantawa a gindin ramin rini. Sana'ar da kanta take haifar da simintinta.

Yanzu mu tsaya bakin rami mu ga abin da ke faruwa. Ganyen baba kore ne, babu ɗigon shuɗi a jikinsa. Manomi ya yanke shi a kaka, a daka, a shanya. Marini ya zuba shi a rami da ruwan toka da katsi, ya bar shi kwanaki ya ruɓa, yana motsawa da muciya, yana duban kumfa, yana sansana wari, har ya ce baba ya nuna. In ya tsoma farin ƙyalle ya tsamo, ba shuɗi yake fitowa ba. Yakan fito da launi tsakanin ɗorawa da tsanwa, sai ya sha iska na ɗan lokaci, sannan a gaban idonka ya juye shuɗi. A sake tsomawa, a sake shanyawa, kowane zagaye yana ƙara duhu.

Masana haɗa sinadarai sun bayyana dalili daga baya. Shuni ba ya narkewa a ruwa, don haka ba zai shiga zare ba. Ƙananan halittu da ke cikin ruɓaɓɓen ruwan, tare da kaifin toka, su ke juya shi zuwa wani yanayi mai narkewa wanda ba shuɗi ba. Zare ya sha shi a haka. Da ya fito, iskar oksijin ta taɓa shi, sai ya koma shuni na asali, ya maƙale cikin zaren, ruwa ba ya iya fid da shi. Ashe iska ce ke ƙarasa wa marini aikinsa. Marinanmu sun san wannan da ido da hanci, sun gaje shi uba da kaka, ba su taɓa kuskuren lokacin tsamowa ba. Sai dai sanin ya zauna a hannu, daga uba zuwa ɗa.

Yadda aka warware ta

A Turai an ci gaba da bin sawun al-Kindi, ko da sani ko ba da sani ba. Wajen 1500, Leonardo da Vinci na Italiya ya lura cewa hayaƙin busasshen itace kan yi shuɗi-shuɗi in bayansa akwai duhu. Kowace uwa da ta hura wuta da sassafe a bakin madafa ta ga wannan. A 1666 Isaac Newton na Ingila ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, ya ga farin haske ya rabu zuwa launukan bakan gizo. Daga nan aka san cewa shuɗin yana cikin hasken rana tun asali, tare da ja da rawaya da kore. Saura a gano me ke tsame shi shi kaɗai ya baza a sama. Newton ya zaci ƙananan ɗigon ruwa ne, a nan kam ya yi kuskure. A 1789 wani mutumin Suwizalan, Horace de Saussure, ya yi wani faifai mai matakan shuɗi 53, daga fari-fari zuwa kusan baƙi, yana ɗaga shi yana gwadawa da sama, ya tabbatar cewa in ana hawa dutse shuɗin ƙara duhu yake yi.

A 1869 John Tyndall ya haska fitila cikin bututun gilashi mai ɗauke da tururi siriri, ya ga shuɗi irin na sama ya bayyana a ciki. Bayan shekara biyu, a 1871, wani saurayi mai suna John William Strutt, wanda daga baya aka sani da Lord Rayleigh, ya kawo lissafin da ya warware matsalar.

Mu da muka tashi da rediyo mun san gajeren zango da matsakaicin zango. To, haske ma igiya ce mai zango, sai dai zangonsa ƙanƙane ne ƙwarai, ana auna shi da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Ja dogon zango gare shi, wajen nanomita 700. Shuɗi gajere ne, wajen 450. Rayleigh ya nuna cewa idan haske ya ci karo da abin da ya fi zangonsa ƙanƙanta nesa ba kusa ba, abin kan warwatsa gajeren zango fiye da dogo, kuma bambancin ba kaɗan ba ne. In zango ya ragu da rabi, warwatsuwa kan ninka sau 16. A wannan lissafi shuɗi ya fi ja warwatsuwa kusan ninki shida. Mai sheƙar hatsi ta san kwatankwacin haka. Iska ɗaya ce ke kaɗawa, tsaba ta faɗi kai tsaye, ƙaiƙayi ya bazu ko'ina. Ja ne tsabar, shuɗi ne ƙaiƙayin, shi ya sa duk inda muka duba a sama shi ke zuwa idonmu.

A 1899 Rayleigh ya koma kan maganar ya nuna cewa ba a ma bukatar ƙura ko tururi. Ƙwayoyin iska da kansu, naitirojin mai kashi 78 cikin ɗari da oksijin mai kashi 21, sun isa. Albert Einstein ya ƙara tabbatar da haka da nasa lissafin a 1910. Mai tambaya zai ce, ai akwai launin shunayya da ya fi shuɗi gajeren zango, don me sama ba ta yi shi ba? Dalili biyu ne. Rana ba ta aiko da shi da yawa kamar shuɗi, idon ɗan Adam kuma bai cika kama shi ba.

Lissafin nan dai shi ya bayyana jan almuru. In rana na tsaka, haskenta gajeriyar hanya yake ratsowa. In ta kai bakin faɗuwa, kaurin iskar da yake ketowa ya kusa ninki arba'in. Kafin ya iso gare mu an sheƙe shuɗin a hanya, sai ja da ruwan goro suka rage. Inda babu iska kuwa babu shuɗi. Waɗanda suka sauka a wata a 1969 sun tarar da sama baƙa ƙirin, rana kuwa na haskawa. Duhun da al-Kindi ya ambata yana nan a bayan shuɗin kamar yadda ya ce.

Ina shuɗin ke tafiya da hunturu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi shafarmu, mu mutanen Kankiya da Kusada. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas ke mulki. A arewacin Chadi akwai wani kwari da ake kira Bodele, busasshen gindin tsohon Tafkin Chadi na zamanin da yake kamar teku. Iska kan matso tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashi farar ƙurar kwarin. Babu wani wuri guda a duniya da ya kai shi tayar da ƙura. Wani kason ya sauka a kan rufinmu da ƙoƙon furarmu, wani ya haye Tekun Atlantika har dajin Amazon.

Ƙwayar wannan ƙura ta kai zangon haske girma, ko ma ta fi shi. A 1908 wani Bajamushe, Gustav Mie, ya yi lissafin irin waɗannan manyan ƙwayoyi, ya nuna ba sa zaɓe, kusan duk launuka suke warwatsawa bai ɗaya. Launuka in sun haɗu kuwa fari suke bayarwa. Shi ya sa girgije fari ne, shi ya sa hazo fari-fari ne mai ruwan ƙasa. Shuɗin yana can bisa, ƙura ce ta yi mana shamaki. Shi ya sa kuma sama ta fi kyau washegarin ruwa, domin ruwan ya wanke iska. A duniyar Mas, inda ƙura ba ta kwantawa, hotunan da na'urori suka aiko sun nuna sama mai ruwan ƙasa da rana tsaka, kamar Kusada a tsakiyar Janairu.

Saboda haka launin sama labari yake ba mu game da abin da ke shiga ƙirjinmu. Ranar da ta yi fari fat, ranar ce jirage ke kasa sauka a Kano, masu asma ke kwana zaune, yara ke tari. Ba mu da iko da iskar Bodele, ta girme mu. Amma ƙurar da ke tashi daga gonar da aka sare itatuwanta aka kwashe karanta, da hayaƙin ƙona daji da tayoyi da leda, wannan kam aikin hannunmu ne.

Abin da tambaya ta ci

Ga inda labaran biyu suka haɗu. A shekarun da Rayleigh ke lissafin shuɗin sama a Ingila, wani a Jamus, Adolf von Baeyer, yana bin diddigin shuɗin baba. Ya yi shekaru yana tambayar abu ɗaya, mene ne ainihin wannan launi? A 1883 ya gano yadda ƙirar shuni take. A 1897 kamfanin BASF ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, babu gona, babu rami. Kafin 1914 noman baba na Indiya, wanda ya ciyar da kasuwar duniya, ya durƙushe. A 1903 Turawan Ingila suka ci Kano da Katsina. A 1911 dogo ya iso Kano, ya riƙa kwaso yadin Mancesta, daga baya kuma garin rini na gwangwani ya biyo. Karofi bai mutu dare ɗaya ba, Buzaye sun daɗe ba su yarda da wani rawani ba sai ɗan Kura. Amma a hankali ramuka suka riƙa bushewa, aka cike wasu da shara, aka yi gini a kan wasu. Yau ko a Ƙofar Mata kaɗan ne daga cikin ramukan ke aiki. Rinin shadda da ake yi yanzu a unguwanni yawanci da sinadaran da aka shigo da su ne.

Ba za mu ɗora faɗuwar karofi a kan abu guda ba. Akwai mulkin mallaka da harajinsa, akwai arhar kayan waje, akwai sauyin ado. Amma cikin dalilan akwai wanda ya kamata ya tsaya mana a rai. Ƙarni huɗu muna rini, babu wanda ya fi marinanmu iya shi a Afirka ta Yamma. Wanda ya zauna ya tambayi dalilin da ya sa ƙyalle ke juyewa shuɗi, ya rubuta amsar ya bar wa na baya su ɗora, shi ya tafi da kasuwar. Kuma ba za a ce tambaya baƙuwa ce a ƙasar nan ba. Katsina ce ta fitar da Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, wanda ya koyar a Alƙahira ya rasu can a 1741. Hausawa da kansu suka ce matambayi ba ya ɓata.

Don haka in yaro ya sake jan hannun rigarmu, muna da abin faɗa masa, har da abin nuna masa. A samo kofin gilashi, a cika shi da ruwa, a ɗiga madara ɗigo biyu ko uku, a motsa. A shiga ɗaki mai duhu a haska fitilar waya ta gefe guda. In aka duba ta gefen kofin za a ga ruwan ya yi shuɗi-shuɗi, in aka duba fitilar ta cikin ruwan za a ga ta yi ja-ja kamar rana a almuru. In kuwa akwai tsohon marini a gari da ya rage, a kai yaron wajensa tun yana da rai, ya ji daga bakinsa yadda ake gane baba ya nuna, a ba shi takarda da alƙalami ya rubuta.